Notin da Elrico Ya Ɗaure

Rietkuil, 9 ga Mayu

'Yata Marlise,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jikata Anja. Ni dai ga ni nan. Gwiwa tana ƙara kamar ƙofar coci, kunnen hagu kuwa ya yi ritaya bai sanar da ni ba, shi ya sa har gobe takarda ta fi min waya. Sanyi ya fara leƙowa. Tumaki lafiya.

Akwai wata magana da na taɓa ji ban gaya miki ba. A watan Janairu, wata guda kafin rasuwar mijinki, na shiga shagon Tant Griet, gwaggon kowa a garin nan, sayen sukari, sai ta rage murya ta kira ni kawu, ta ce, "Oom Sarel, an ce ɗanka zai dawo gida bana, dawowa ta gaba ɗaya." Na ce wa ya ce? Ta ce direban motar tumaki ne ya jiyo a wani gareji a Sutherland. Na ce, "Griet, ba ke ce kika ce an ga fasto yana tiƙar rawa a bikin wani ba?" Ta ce, "To ai ya yi rawar!" Na ɗauki sukarina na fita.

Ta yaya zan yarda? Shekara goma sha ɗaya Elrico yana ce min baɗi. Kin kuma san abin da na gaya masa ranar Kirsimeti, tunda kina kusa da wayar. Ya ce, "Baba, bana kam..." ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce ginshiƙin simintin da ya kafa min a tsakar gida shekara huɗu da suka wuce ya zama turken akuya, kada ya ƙara min alkawari, ranar da na ga inuwarsa a bakin ƙofa na yarda. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Magana zarar bunu ce, 'yata.

To, akwatin da kika aiko ya iso ranar Talata. Mutum uku suka sauke shi suna nishi. Na yi kwana biyu ina zagaya shi kamar kare da bushiya kafin na buɗe. Madubin taurarinsa ne, da kan ƙarfen nan mai inji da ake ɗora shi a kai, da kyamara, da wayoyi kamar hanjin rago.

Na kwance akuyata Bessie daga ginshiƙin, na kai ta bayan garke. Ta yi ƙorafi, na ce ta kai ƙara.

Ga abin da nake so. Tun yana yaro yake nacin farin gajimaren nan babba da ke can kudu da dare, wanda kakata take cewa hayaƙin wutar makiyaya ne da suka yi nisa suka manta hanyar gida. Ya ce a cikinsa akwai wani abu mai kama da gizo-gizo, kuma daga ƙasarku ba a ganinsa ko mutum ya hau bene. Don hotonsa ya kafa ginshiƙin nan. Ina so in ɗauka. Shekara arba'in ina gyaran dogon famfon ruwa mai fanka da iska ke juyawa, abin da ke juyawa bai taɓa gagarata ba. Ki duba min ko ya bar wani rubutu kan yadda ake kafa abin.

Surukinki,
Sarel

Aberdeen, 2 ga Yuni

Baba,

Na sami takardarka, na karanta a motar zuwa aiki, sai da na wuce tashata. Muna lafiya. Anja ta yi mura ta warke, haƙorinta biyu na gaba sun fita, tana magana kamar buta mai huji. Ta ce a gaya wa Bessie ta yi haƙuri. Ka riƙa shafa man nan a gwiwa, ba ajiye shi a taga za ka yi don ƙawa ba.

Ashe Tant Griet tana nan da bakinta.

Maganar Kirsimeti kuwa, Baba, ka daina ɗora wa kanka. Bai yi fushi ba. Da ya ajiye wayar dariya ya yi, ya ce, "Tsohon nan ba zai canza ba."

Akwatin ban iya dubansa ba. Na kira masu ɗaukar kaya suka tafi da shi yadda yake.

Na sami littafinsa mai baƙin bango. Ban iya wuce shafin farko ba, rubutun hannunsa ne ko'ina. Amma shafin farkon shi ne wanda kake nema, ga shi na kwafe maka:

Ɗaya, ginshiƙi ya daidaita, kada ya karkata ko kaɗan.
Biyu, hancin kan ƙarfe ya fuskanci arewa sak.
Uku, ma'aunin gefe ya tsaya a kan 57, a ɗaure noti.
Huɗu, ɗan makunnin inji ya zauna a kan N. Kada a taɓa.

Ya ja layi biyu a ƙarƙashin "kada a taɓa", don Anja ce mai taɓawar.

Kada ka hau tsani kai kaɗai. Ka nemi Meester Koopman, tsohon malamin makaranta, ya taya ka, na san ba kwa rabuwa da musu amma ya san lissafi.

'Yarka,
Marlise

Rietkuil, 14 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mai wawulo. Jiki da sauƙi. Man gwiwa na shafa sau biyu, sauran na zuba wa tayoyin rufi, kuma a can ya fi aiki. Ƙanƙara ta kwanta shekaranjiya har ruwan kwamin tumaki ya daskare, sai da na fasa da guduma.

Ɗakin madubin ya tashi. Na zagaye ginshiƙin da katako da kwano, taku huɗu kowane gefe. Rufin na ɗora shi a kan tayoyin tsohuwar ƙofar garke, yana gudu a kan ƙarfe biyu, in na tura sai sama ta buɗe. Ranar farko na tura da ƙarfi ya wuce ƙarshen ƙarfen ya sauka a kan kabejin matata marigayiya Katrien. Da tana raye da kin ji muryarta daga nan har Aberdeen. Yanzu na sa masa abin tokarewa. Daɓen katakon ma na bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da ginshiƙin, don Elrico ya taɓa ce min takun mutum kaɗai yana girgiza hoto.

Koopman ya zo, hannu a baya, kamar yadda yake zagaya aji shekara talatin. Ya ce, "Sarel, masallacin kaji kake ginawa ko me?" Na ce makarantar da ba a dukan yara. Ya leƙa takardarki ya fara cewa, "Amma fa ai nan..." Na ce, "Meester, rubutun ɗana ne. Sau ɗaya a rayuwata zan bi maganarsa ba musu. Ka sha shayinka." Ya sha, ya ci burodin gashi uku, ya tafi yana girgiza kai.

Na bi shafin layi-layi. Sai dai na tarar da abubuwa a hargitse. Ma'aunin gefe yana kan 32 maimakon 57, makunnin kuma yana kan S. Ba laifinki ba ne, 'yata, ke mai jinya ce ba makanike ba, kuma kaya in sun ƙetare teku dole su motsa. Notin ma ya ƙi kwantuwa, sai da na zura bututu a sifana na ƙara mata tsawo. Na mayar da komai yadda ya rubuta, na juya hancin arewa, wajen dutsen nan mai kama da sirdi.

Jira nake wata ya ragu. Ki sa mu a addu'a.

Surukinki,
Sarel

Rietkuil, 6 ga Satumba

'Yata,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Sati bakwai ke nan. Kullum Juma'a sai na je shagon Griet duba takardu, har ta fara ce min, "Oom, in budurwa ce ka haƙura." Ni lafiya lau, tari ne kawai na masu kwana a waje.

Abin ya ƙi. Inji yana kuka ƙasa-ƙasa kamar kyanwa, madubi yana juyawa, amma in na bar kyamara a buɗe na minti biyu yadda ya kamata, sai taurari su fito dogaye-dogaye kamar an watsa taliya a baƙin faranti. Ko ɗaya ba ya tsayawa ɗigo.

Na ce iska ce, na ƙara kwano a gefen yamma. Ba ita ba ce. Na ce batir ne sanyi ke kashewa, na naɗe shi da tsohuwar rigar ulun Katrien. Ba shi ba ne. Raɓa ta daskare a gilashin, na yi masa hula da kwali, gilashi ya washe, taliya tana nan. Na zargi Bessie da soshe-soshe a jikin ɗakin, na ɗaure ta nesa. Ta fita daga zargi. Na sake auna ginshiƙin ta kowane gefe, yana tsaye cak. Yaron ya iya zuba siminti, wannan kam ba a ƙwace masa.

Jiya na zauna a kujera na ce masa, "To Elrico, ko a nan ma baɗi za ka ce min?" Sai na ji kunyar kaina.

Na sake karanta kwafin takardata ta baya. In maganar da na yi cewa ke ba makanike ba ce ta ɓata miki rai, ki yafe wa tsoho. Bakina ya riga ya yi min asarar mutum ɗaya. Ba ni da na biyu da zan bayar.

Surukinki,
Sarel

Rietkuil, 11 ga Oktoba

Marlise,

Gaisuwa. Ina lafiya. Yau ba zan yi dogon zagaye ba.

Na sauke girman kai na aika a kira Koopman. Ya zo da rana tsaka, ya shiga ɗakin, ya dubi hancin ƙarfen, ya dube ni, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Sarel, ka ɗaure akuyarka a turken maƙwabci."

Na ce ya yi min magana irin ta mutane.

Ya ce, "Sama tana juyawa ne a kan turke, kamar Bessie da igiyarta. Mutanen Scotland turkensu yana arewa, can sama, tsayin 57. Mu namu yana kudu. Kuma juyin nasu daban, namu daban. Kai ka saita abin nan kamar kana tsaye a tsakar gidan Elrico na can. Inji yana gudu hagu, taurari suna gudu dama. Wata uku kana ɗaukar hoton rabuwarsu."

Na ce, "Ai abin da ya rubuta ke nan."

Ya ce, "Ya rubuta wa can ne, kurman tsoho! Na so in gaya maka tun Yuli ka cusa min burodi a baki."

Muka juya hancin kudu. Ya tura makunnin daga N na arewa zuwa S na kudu. Sannan ya ce in kwance noti in sauke ma'aunin. Na ce zuwa nawa? Ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Garin nan namu, talatin da biyu."

'Yata, sifana ta faɗi daga hannuna.

Koopman yana ta surutu, ban ji ko ɗaya ba, kuma wannan karon ba laifin kunne ba ne. Talatin da biyu. S. Haka na tarar da shi ranar da na buɗe akwatin. Ni da hannuna na ɓata.

Na ce miki kaya sun motsa a teku. Ƙarya na yi wa kaina. Shekara arba'in ina aikin ƙarfe, na san girgiza tana kwance noti, ba ta ɗaure shi. Wannan kuwa an ɗaure shi har ya tsaya, sannan an ƙara masa kwatan juyi. Mutum ɗaya na koya wa haka a duniya, yana da shekara tara, a saman famfon gonar Visagie, yana kuka don tsoron tsayi.

Na ɗauko takardarki ta Yuni. Kin ce masu kaya sun tafi da akwatin yadda yake. Ni na ɗauka nufinki kin tattara yadda kika iya.

Tambaya ɗaya ce. Wa ya shirya akwatin nan?

Sarel

Aberdeen, 3 ga Nuwamba

Baba,

Muna lafiya. Ba ka ɓata min rai ba, ko kaɗan. Takardarka ta Yuli ce na karanta na kai wajen 32 da S, na zauna a ƙasan kicin. Sau biyar na fara amsa ina yagawa.

Shi ya shirya. Ranar Asabar, kwana tara kafin zuciyarsa ta tsaya. Ya shimfiɗa bargo a falo, ya yini yana naɗe kowane abu. Na gan shi yana fama da sifana har jijiyar wuyansa ta tashi, na ce, "Kai da za ka kwance in mun isa, me ye na wahala?" Ya ce, "Tsohon zai duba. In ya tarar da shi sako-sako, sai na shekara ina jin labari."

Ya riga ya ba da takardar barin aiki. Ya yi magana da mai gareji a Sutherland, za a ba shi wurin babban makanike. Ni ma na yarda, bayan shekara uku ina ƙi. Ni ce baɗin nan, Baba, ba shi ba. Ni nake cewa bari Anja ta ƙara girma, bari in gama kwas, bari, bari. Shi kuma ya gwammace ka ce masa maƙaryaci da ya ce maka matarsa ce ta hana.

Ranar Kirsimeti abin da zai gaya maka ke nan. Da ka katse shi, ya ajiye waya ya yi dariyar da na faɗa maka, sannan ya ce, "Shi ke nan. Inuwa yake so, inuwa zai gani. Kada ki kuskura ki gaya masa." Ya tsara komai. Ranar Ista, da hantsi, zai sauka a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa, ya tsaya a ƙofa kamar baƙo ya ce, "Oom, ko kana neman mai gyaran famfo?" Har gwadawa yake yi a madubin banɗaki, Anja tana dariya.

Bayan rasuwar na ce in na faɗa maka, na kashe ka. Gara ka zauna da fushi, fushi yana riƙe mutum a tsaye. Ban san na yi daidai ko ban yi ba. Shafin da na kwafe maka kuwa ban san na nan ne kaɗai ba, wallahi ban sani ba. Sai bayan takardarka na yi ƙarfin hali na buɗe littafin har ƙarshe. Shafin ƙarshe ga shi na yago maka, ba zan iya kwafewa ba.

Ka yafe min wata ukun da na bar ka cikin sanyi.

'Yarka,
Marlise

Rietkuil, 12 ga Disamba

'Yata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Anja. Tari ya tafi. Zafi ya shigo, an yi wa tumaki aski, duk sun koma kamar 'yan makaranta.

Babu abin yafewa. Kin ɗauki kaya ke kaɗai wata tara, ni kuwa ko tambayarki nauyinsa ban yi ba. Maganar cewa ke ce baɗi, ki ajiye ta. Mutumin da ya rufa wa matarsa asiri shekara uku a gaban bakin ubansa, ya san abin da ya aura. Ni ne dai ban san abin da na haifa ba.

Shafin ya iso. Na manna shi a jikin ginshiƙin. A sama ya rubuta "Gida", sai kudu, 32, S. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙi, "A nemo wa Bessie wani turke." Na yi dariya, daga nan kuma abin ya juye. Koopman ya fita waje ya daɗe yana duba kabeji.

Daren Laraba babu wata, babu iska. Na tura rufi, na saita, na danna, na zauna na riƙe numfashi kamar ɓarawo. Minti biyu. Da na duba bayan kyamarar, kowane tauraro ya tsaya a wurinsa, ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. A tsakiya ga abin nan, ja-ja, da ƙafafu a baje. Gaskiyarsa, gizo-gizo ne. Koopman ya kai hoton aka wanke a Sutherland, guda biyu. Ga ɗaya nan na Anja. Ki ce mata aikin babanta ne, kakanta dannawa kawai ya yi. Ki ce mata kuma makunnin yana nan, in ta zo ta gani da ido, amma kada a taɓa.

Notin na ɗaure shi har ya tsaya. Na kama sifana zan ƙara kwatan, hannuna ya ƙi. Na bar shi haka.

Jiya na shiga shagon Griet. Na ce, "Griet, ashe fasto ya yi rawar." Ta buɗe baki za ta yi dariya, ta dubi fuskata, ta rufe. Ta auna min sukari ba ta ce komai ba, abin da ba a taɓa gani ba a garin nan.

Na zauna na lissafa, 'yata. Maganar dawowarsa, Griet ta faɗa min, na ce gulma ce. Ashe direban ma ya so ya tare ni da ita a kasuwar tumaki, na juya masa kunnen hagu. Ke kin faɗa min a Nuwamba, da hawaye. Amma da na manna shafin nan na tsaya ina dubansa, sai na ga ba ke ce ta ƙarshe ba. Wanda na katse ranar Kirsimeti bai haƙura ba. Ya saka maganar a akwati, ya ɗaure ta da kwata ɗaya na ƙari don kada teku ta kwance, ta iso hannuna lafiya, na sa bututu na kwance ta. Sai ya sake faɗa, da rubutun hannunsa, a jikin turken akuya.

Elrico ne ya gaya min na ƙarshe. Wannan karon na bar shi ya ƙarasa.

Babanki,
Sarel